Maltina, kunun zaƙi, kunun aya ko zoɓo: wanne za ki ba baƙi ranar taro?

Saura mako uku walimar saukar 'yarta, ƙanwata ta kira ni bayan isha'i. "Yaya, kaina ya kulle," ta ce. "Abbansu ya ce a sayo maltina katan-katan kowa ya huta. Ni kuma da na buga lissafin sai da gabana ya faɗi. Ga Hajiya ta ce ita a wurinta taron da babu kunun zaƙi bai cika taro ba, ƙawayena kuma kowacce kunun aya take ambata mini." Baƙi kusan 200 take sa ran zuwansu, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai maki 40 a ma'auni.

Na daɗe ina haɗa abin sha na biki da suna a danginmu da maƙwabta, don haka ban tambaye ta wanne ta fi so ba. Na tambaye ta ƙarfe nawa za a fara sha, ƙarfe nawa za a watse, kuma daga ina sanyi zai fito. Duk huɗun nan abin sha ne masu kyau, amma ba su da ƙarfi ɗaya a gaban rana. Abin da na faɗa mata a daren nan shi na zauna na rubuta, domin na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Abubuwan da za ki auna

Na farko ɗanɗano. Da yawanmu ba ma ɗanɗana abin sha, kwankwaɗa kawai muke yi saboda ƙishi. In za ki gwada don ki zaɓa, ki zuba a kofin gilashi da rana, ki fara kallon launinsa da kaurinsa. Ki shaƙi ƙamshin kafin ki kai baki. Ki kurɓi kaɗan ki riƙe, ki ji nauyinsa a harshe, ko yana da gari-gari, ko santsi, ko yauƙi. Bayan kin haɗiye ki ɗan dakata, domin abin da ya rage a maƙogwaro shi ke gaya miki ko mutum zai nemi ƙari. Ki kuskure baki da ruwa kafin ki koma kan na gaba. Kada ki gwada shi yana da ƙanƙara, don sanyi mai tsanani yana ɓoye yawan zaƙi, yana kuma rufa wa abin da ya fara lalacewa asiri.

Akwai gwaji ɗaya da nake ba muhimmanci fiye da sauran. Ki ajiye kofi guda a inuwa, ba firji, ki koma masa bayan awa uku. Abin da kika ji a lokacin shi baƙin da suka makara za su sha.

Na biyu kuɗi, kuma a kan kowane mutum ɗaya za ki lissafa. Na gida ba farashin gero ko aya kaɗai ba ne. Akwai sukari, kayan ƙamshi, kuɗin markaɗe, itace ko gas, sababbin goruna, ƙanƙara, da ɗan abin da za ki ba waɗanda suka taya ki. Na uku juriya, wato awa nawa zai yi kafin ya juya. Na huɗu wahalar haɗawa. Na biyar haɗari ga lafiyar mai sha. Akwai na shida da ba a cika faɗa a fili ba, shi ne idon jama'a: abin da za a ajiye a gaban surukai da malamai. Ba na raina wannan, domin girmama baƙo yana cikin manufar taron, sai dai bai kamata ya cinye sauran biyar ɗin ba.

Maltina da 'yan'uwanta

A bakinmu duk lemon tsiro na kanti maltina ne, ko wane kamfani ya yi shi. Sunan ya samo asali daga Maltina ta kamfanin Nigerian Breweries, wadda ta shigo kasuwa a 1976. Malta Guinness ta biyo baya a 1990, sai Amstel Malta a 1994. Yadda ake yin su bai yi nisa da abin da kakanninmu suka sani ba. Ana jiƙa sha'ir ko dawa har ta tsira, a busar, a niƙa, a jiƙa a ruwan zafi. Tsiron ne ke narkar da sitacin hatsin ya mai da shi zaƙi. Sai a tace, a tafasa, a ƙara sukari da ƙonannen sukari don launi, a ɗura masa gas, a rufe, a ba shi zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta. Dawar Arewa ta samu babbar ƙofa a wannan sana'a tun 1988, shekarar da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanoni suka koma wa hatsin gida.

Inda ya rabu da giya shi ne ba a zuba masa yis a bar shi ya tsima, shi ya sa aka rubuta a jikinsa cewa ba ya bugarwa. Duk da haka, manyan kamfanonin da ke yin sa suna yin giya, kuma akwai gidajen da saboda wannan ba sa yarda ya shigo musu. Ke kika san gidanku da baƙin da za ki tara. In shakka ta tsaya miki a rai, ki tambayi malamin da kika amince da shi tun kafin ki biya kuɗi.

A kofi launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, da kumfa mai ɗan jimawa. Ƙamshinsa na ƙonannen sukari ne da ɓawon burodin da ya gasu. Yana da nauyi a baki, yana ɗan manne wa leɓe. A harshena Maltina ta fi zaƙi da laushi, Malta Guinness tana da ɗan ƙauri da ɗaci a ƙarshe wanda maza da yawa ke so, Amstel Malta kuma zaƙinta ya fi sauƙi, da ma da ƙarancin sukari ake tallarta. In da sanyi sosai duk suna shiga. In suka huce, zaƙin yana hawa kai, mutum ya sha rabi ya ajiye ya nemi ruwa. Ba abin kashe ƙishi ba ne, don haka duk wadda ta zaɓe shi ta sa kuɗin ruwan sha a lissafi.

Shi ya fi kowanne tsada. Gwangwani santilita 33 ne, katan kuma guda 24, saboda haka mutum 200 katan tara ke nan. A aikace tara ba ta isa. Abin da yake a rufe yana shiga jaka, wannan ta ɗaukar wa yaranta, waccan ta ɗaukar wa maigida, kuma ba laifi ba ne, haka taronmu yake. Na kwalba ya fi araha, amma sai kin mayar da kiret, sai an nemi abin buɗewa, ga fargabar fashewa a inda yara ke gudu ba takalmi.

Wajen juriya da sauƙi babu mai kama ƙafarsa. Za ki iya saye tun saura wata guda, abin da ya rage ya jira taro na gaba. Haɗarinsa kaɗan ne in kin duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, kin kuma ƙi duk gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa. A wanke saman gwangwani kafin a raba, don ba a san inda ya kwana a sito ba. Abin lura na gaske shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, kusan cokalin shayi 12. Ki karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani ki kwatanta da wannan, musamman in akwai dattawa masu ciwon suga da suka ɗauka cewa tunda daga hatsi aka yi shi ba zai taɓa su ba.

Kunun zaƙi

A nan zan ɗan jima, domin shi ne wanda aka fi ɓatawa, kuma shi ne wanda in ya yi kyau ba a mantawa.

Aikinsa na kwana uku ne. Ki jiƙa gero ko dawa ya kwana, ki wanke ki rege, ki kai markaɗe tare da citta, kanumfari, masoro, ɗan barkono da busasshen dankalin Hausa. Wasu tsiron shinkafa ko na dawa suke sawa a madadin dankali. Ki raba ƙullun gida biyu, ɗaya ya fi yawa. Babban ki sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Ki bar shi ya sha iska, sannan ki zuba ɗanyen ƙullun ki juya, ki rufe ya kwana. Da asuba za ki tarar kaurin nan ya tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙi da ɗan tsami. Sai tata da ƙara sukari.

Sirrin yana wurin haɗa kason biyu. Ɗanyen dankali da tsiro suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da dafaffen sitaci ya koma zaƙi, irin aikin da ke faruwa a tukunyar kamfanin maltina. Amma zafi mai tsanani yana kashe wannan sinadari. In kin yi gaggawa kin zuba ɗanyen ƙullu a kan wanda ke tururi, da safe za ki tarar da koko mai kauri, ba zaƙi, sai ki yi ta ɗura sukari kina neman abin da ya riga ya tafi. In kuma kin bari ya huce sarai, aikin zai yi sanyi, tsami ya riga zaƙi isowa. Ni da bayan hannu nake gwadawa a jikin robar: in zan iya jure ɗumin na ɗan lokaci ba tare da na janye ba, lokacin ya yi.

Kunun zaƙi mai kyau launinsa fari ne mai ɗan toka in na gero ne, ja-ja in na jar dawa ce. Ƙamshin citta da kanumfari ke fara tarbarki, sai na hatsi a bayansa. A baki yana da ɗan nauyi ba tare da tsaki-tsaki ba, zaƙi da tsami suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗan yajin yana zuwa a ƙarshe ya ɗumama maƙogwaro. Yana kashe ƙishi, yana kuma riƙe ciki, abin da sauran ukun ba sa haɗawa. Yana kwanciya a ƙasan gora, don haka sai an girgiza. Alamun ya wuce lokacinsa ba sa ɓuya: gora ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsit, kumfa ta taso, tsamin ya koma mai cizon harshe, ƙamshin ya fara hawa hanci.

Wannan ba maganar ɗanɗano kaɗai ba ce. Ruwan hatsi mai zaƙi in ya daɗe a zafi yana tsimuwa, kuma burkutu ma daga tsiron dawa ake fara ta. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a shayar ko a zubar. Kunun zaƙi kuwa da ma ya riga ya kwana kafin a tace shi, kuma a zafin bazara ba ya kai wannan tsawon. Wanda aka tace da asuba, in ba sanyi, a shanye shi a yinin. A firjin da wuta ke tsayawa yakan yi kwana biyu zuwa uku, tsaminsa na ƙaruwa a hankali.

Kuɗinsa da sauƙi, musamman bayan kaka da hatsi ke araha. Mudun kowane gari daban yake, don haka kada ki dogara da lissafin wata. Ki gwada da mudu ɗaya mako guda kafin taron, ki ƙirga gora nawa ya ba ki, ki ninka. Gwajin zai kuma nuna miki ko dankalin da kika sayo yana da ƙarfi. Haɗarinsa yana shigowa ta wuri uku: injin markaɗen da aka gama niƙa wake ko tattasai ba a wanke ba, ruwan da ake ƙarawa wajen tata, da hannun masu tatar. Ruwan tata ya zama wanda aka tafasa ya huce.

Kunun aya

In ɗanɗano kaɗai ake bi, da na ce ki rufe ido ki zaɓe shi. Fari ne kamar madara, da santsi a harshe, zaƙin aya da na dabino suna haɗuwa ba tare da buƙatar sukari mai yawa ba, kwakwa tana ƙara masa maiƙo, citta kaɗan tana ɗaga shi. Ba mu kaɗai muka san daɗinsa ba. A yankin Balensiya na ƙasar Sifen suna yin irinsa suna alfahari da shi, kuma ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi ta Nijar tana cikin wadda ake kai musu.

Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: ba ya ganin wuta. Ɗanyen abu ne daga farko har ƙarshe, ga zaƙi, ga maiƙo, ba tsamin da zai kare shi. Aya kuma a cikin ƙasa take girma, tana zuwa da ƙura da tsakuwa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin maki 5 da 60 na zafi, kuma ɗakin girkinmu a bazara yana tsakiyar wannan.

Na ga wannan da idona a sunan ɗan wata maƙwabciyarmu. Mun markaɗa da daddare don mu rage aikin safe, muka tace, muka cika goruna sama da ɗari, muka jera a firiza. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke wuta, firizar kuma a cike take maƙil, sanyin bai ratsa na tsakiya ba. Da safe na saman suna da sanyi, muka ɗanɗana ɗaya muka ji lafiya. Bayan azahar wata dattijuwa ta miƙo mini gorarta ba ta ce komai ba. Na karkata ta a kofi, sai ga kunun yana zuba da zare-zare kamar miyar kuɓewa, da wari mai tsami. Muka bi baƙi muna karɓe gorunan, muka zubar da fiye da rabi a kwata. Maijego ta shiga ɗaki ta yi kuka, domin kuɗin dabino da kwakwar nan bashi ta ci.

Tun daga ranar ba na yin kunun aya sai a safiyar da za a sha. Ina wanke ayar sau da yawa, in rege ta, in watsa mata ruwan zafi in tsame nan take. Ina tsayawa a kan mai inji ya wanke injinsa a gabana, in markaɗa da ruwa mai sanyi, in tace da sauri, ya wuce cikin ƙanƙara kai tsaye. In taron zai ja lokaci ina rage kwakwa ko in cire ta, don tana saurin juyawa. Ko da duk wannan, a waje 'yan awoyi ne kawai gare shi. A firji mai sanyi sosai kwana biyu, in an daskarar da shi ya fi haka.

Cikin na gida shi ya fi cin kuɗi, don aya ba ta auki kamar gero, dabino da kwakwa kuma ba su da araha, balle a kusa da azumi. In kin yi shi da kauri yadda ya kamata, kuɗin gora ɗaya yakan matso kusa da na maltina. In kin tsinka shi da ruwa don ya isa, kin rasa abin da ya sa aka zaɓe shi.

Zoɓo

Shi ne mai rufin asiri. Ɗan kaɗan yake cika babbar tukunya, kuma a gida muke noma shi. Jigawa ce kan gaba a Najeriya, daga kasuwanni irin na Maigatari ake lodinsa har zuwa Meziko, inda su ma suke jiƙa shi su sha. A Sudan karkade suke ce masa, a Gana sobolo.

Haɗa shi aikin awa biyu ne: a wanke ƙurar da sauri, a tafasa da citta, kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa sukari. Tafasawar da tsaminsa na asali suna ba shi kariyar da kunun aya ba shi da ita. Za ki iya dafa shi ana gobe taro. Yakan yini a waje lafiya, ya yi kwanaki a firji. Ɗanyen abin da ake ƙarawa daga baya, irin su markaɗaɗɗiyar abarba, kankana ko kokwamba, shi ke rage masa kwana, don haka a bar su sai da safe.

Mai kyau ja ne mai haske in an ɗaga shi a rana, ba nauyi a baki, tsaminsa yana wartsake mutum, da ɗan bauri a ƙarshe. A zafin rana babu wanda ya kai shi kashe ƙishi. Abin da ke ɓata shi hannu ne: kanwa in ta yi yawa wajen kashe tsami sai launin ya koma baƙi-baƙi, ɗanɗanon ya mutu. Filebo da kala kuma suna mai da shi kamar alewar yara. Tsaminsa yana jan sukari da yawa, ki kula da wannan. Ki dafa a tukunyar da ba ta alminiyam ba in da hali, kada kuma ya kwana a cikinta.

Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini kada ya yi ta ɗurawa, masu juna biyu kuma ana ba su shawarar su yi taka-tsantsan da shi. Sai tabo. A walimar sauka, inda yara ke sanye da fararen kaya, kofi ɗaya da ya kife ya isa ya ɓata wa uwa rai.

| | Maltina | Kunun zaƙi | Kunun aya | Zoɓo |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi a kan mutum ɗaya | Mafi tsada | Araha | Mai tsada | Mafi araha |
| Juriya ba sanyi | Watanni in ba a buɗe ba | Yini ɗaya | 'Yan awoyi | Yini, wani lokaci har washegari |
| Juriya a firji | Har ranar da aka rubuta | Kwana 2 zuwa 3 | Kusan kwana 2 | Kwanaki |
| Wahala | Saye da sanyayawa | Aikin kwana 3 | Aikin safiya ɗaya, da gaggawa | Kusan awa 2 |
| Babban haɗari | Sukari, tsohon kaya | Tsimuwa, ruwan tata | Saurin lalacewa | Yawan sukari, tabo |
| In ya huce | Zaƙi ya yi yawa | Yana shawuwa | Abin tsoro | Yana shawuwa |

Gora da ƙanƙara

Duk na gida ukun suna iya faɗuwa a nan ko da an haɗa su da kyau. Gorunan da yara ke tsintowa a wuraren taro da tasha ba ki san bakin da ya sha ba, ba ki san abin da aka zuba a ciki ba. Taifot da kwalara ta gurɓataccen ruwa da abinci suke yaɗuwa. Ki sayi sababbi masu murfin da ba a taɓa buɗewa ba, ki sa kuɗinsu a lissafi tun farko. Gora mai santilita 35 guda 200 lita 70 ke nan, kusan jarka uku masu lita 25. Ƙanƙarar kasuwa kuma a kewaye goruna da ita a cikin kula ko baho, a rufe da buhu. Kada a jefa ta cikin abin shan, don ba ki san ruwan da aka daskarar ba. Ki yi magana da mai ƙanƙara tun saura kwanaki, a bazara ranar taro ba a samunta da sauƙi.

Wanne ya dace da wa

In taronki na yini guda ne, mutane na shigowa suna fita daga hantsi har magariba, kuma ba ki da tabbacin wuta, zoɓo ne ginshiƙinki. Haka in kuɗi sun yi ƙaranci kuma jama'a na da yawa, ko za a aika wa maƙwabta da almajirai.

In taron safe ne, kamar raɗin suna ko ɗaurin aure, inda za a sha a tashi kafin azahar, kuma kina da mata biyu ko uku da suka iya, kunun zaƙi ya fi komai dacewa. Dattawa suna jin daɗinsa, wanda bai karya ba kuma ya samu abin riƙe ciki. Shi nake zaɓa wa buɗa-baki na masallaci ma, in an tace shi da rana.

Kunun aya na ƙaramin zama ne: baƙi ashirin ko talatin, kai amarya, ziyarar surukai, ko shan ruwa a gida, inda za a markaɗa a sha cikin awa biyu ko uku. In kina da janareto da firiza mai ƙarfi za ki iya faɗaɗawa, amma kada ki cika firizar maƙil.

Maltina ta fi dacewa in abin shan zai yi tafiya zuwa wani gari, in za a sa a jakar rabo, in ke kaɗai ce ba mai taya ki, ko in ba ki da tabbacin ruwa mai tsabta a inda za a yi taron. Ga masu ciwon suga kuwa, ki ware zoɓo ko kunun zaƙi tun kafin a zuba sukari, ki ɗaura wa gorunan zare don a gane su.

Ƙanwata a ƙarshe haɗawa ta yi. Ta sayi katan uku na maltina don malamai da dangin Abbansu da suka zo daga nesa. Hajiya da kanta ta zauna a kan kujera 'yar tsugune ta kula da kunun zaƙi, aka tace da asuba, mata suka shanye shi kafin azahar. Zoɓo muka dafa ana gobe, jarka biyu, aka riƙe shi sai da yara suka gama karatu aka ɗauki hotuna suka canza fararen kayansu, sannan aka fito da shi. Kunun aya kuwa sai washegari da safe, na mudu ɗaya, ita da ƙawayenta da suka zo wanke tukwane.